Sai Sun Cika Goma

Ni baƙon dauro ba labarinsa aka ba ni ba. Ƙanena da ke bi mini a bayana ya fara zazzaɓin, ina goye da shi, kwana tara aka kai shi makwancinsa. Don haka da Allah ya ba ni 'ya mace a shekarar farko ta aurena, a wani ƙauye da ke gabas da Tsanyawa, abu ɗaya na sa a raina: ranar da ta cika wata tara, a yi mata allurar ƙyanda kafin zafin bazara ya shigo. Kowa ya san da zafi ciwon yake zuwa, ya bi gida gida yana kwasar yara.

Shekarun wuya ne. Man fetur sai a galan a bakin titi, kananzir kuwa in kin samu rabin kwalba sai ki ɓoye shi kamar turare. A shekarun ne kuma masu ɗigon shan inna suke bin mu har tsakar gida kusan duk wata, su ɗiga wa yara, su yi rubutu da alli a jikin katanga su wuce. Surukata, wadda nake ce wa Inna, da ta ji sallamarsu sai ta tura yaran gidan bayan rumbu.

"Ciwon kai ma sai ka sayi ƙwaya da kuɗinka," in ji ta. "Wannan kuma me ke cikinsa da ake bin mutum da shi har ɗaki kyauta?"

Nakan yi mata musu, don na yi sakandare har aji uku, ina ganin kaina wayayya. Amma Allah na tuba, ni ma tambayar tana nan a ƙasan raina. Kowa a lokacin yana zargin kowa, ni dai nawa zargin a wani wurin ya sauka.

Asibitinmu sha-ka-tafi ne, ɗaki biyu, a babban ƙauyen da ke gaba da mu. Talata ce ranar allura. Malama ɗaya ce a wurin, doguwa mai tabarau, a bas take zuwa daga Tsanyawa, kuma magana ba ta dame ta ba. A kusurwar ɗakinta akwai wani tsohon firji da ke aiki da kananzir, a nan allurai suke.

Talatar farko Inna ce ta goya yarinyar, tunda 'yar fari ce, ni ina biye kamar rakiya na yi. Mu huɗu ne kawai masu 'yan wata tara. Malamar ta leƙo ta ƙare mana kallo.

"Yau ba za a buɗe ta ƙyanda ba."

Na ce, "Saboda me, Malama?"

"Kwalba ɗaya ta yara goma ce. In an haɗa ta ba ta kwana. Na buɗe wa huɗu, shida sun tafi a banza, kuma ni za a tuhuma a ofis. Ku dawo Talata mai zuwa."

Muka dawo Talata mai zuwa, mu biyar, amma biyu ne kawai daga cikin na wancan makon. Ta gaba mu uku. Nan na gane ko shekara za mu yi ba za mu cika ba. Wadda ta zo yau aka kore ta, mako mai zuwa tana da sussuka ko mijinta ya hana, wata sabuwa ce za ta zo a madadinta, ita ma a kore ta. Mu da muke zuwa asibitin nan mun fi ashirin, amma ba mu taɓa haɗuwa goma a rana ɗaya ba.

A kan benci ne wata ta raɗa mini cewa ai duk ƙarya ce. Kwalaben can suke tafiya kemis ɗin bakin tasha, a sayar a raba. Wallahi ko tambayarta ban yi ba inda ta ji, na karɓa hannu bibbiyu. Daga ranar na fara lura da Malamar. Takalminta sabo ne. Jakarta in za ta tafi ta fi nauyi a idona a kan in ta zo. Ko tari ta yi sai in ce na rashin gaskiya ne.

Na shiga ɗakin ba tare da an kira ni ba, na ce, "Malama, in na kawo miki goma fa?"

Ba ta ɗago daga rubutunta ba. "Ki kawo."

Kai! Wannan "ki kawo" ta tsaya mini a wuya har gida.

Maigidana malamin firamare ne, manomi kuma, mutum mai sanyin hali. Ya ce in dai bayan la'asar ne, kuma in dawo kafin magariba, ya yarda in zaga. Gidan farko na tafka kuskuren da ko yarinya ba za ta yi ba. Na yi sallama, aka shimfiɗa mini tabarma, na buɗe baki na ce, "Yara nawa ne 'yan wata tara a gidan nan?"

Tsohuwar gidan ta ajiye faifan da ke hannunta.

"Ƙirga mana su aka aiko ki? Ke 'yar nan, a garinku haka ake yi? Nawa aka ba ki a kan kowane kai?"

Ta tofa addu'a a kan jikokinta a gabana, ta sa aka kwashe su zuwa ɗaki. Ai ni ma na sani, a wajenmu ba a ƙirga yara da baki, tsoron baki ake yi. Ɗoki ne ya mantar da ni. Kafin in iso gida labari ya riga ni: matar malamin makaranta ta shiga aikin masu ɗigo, biyanta ake yi. Wasu suka ƙara da cewa ba ni da ta ido, a kan 'yar fari nake wannan rawar kai. Inna ta zaunar da ni ta wanke ni tas.

"Mu da muka haifi na farinmu ko kallonsu ba ma yi a gaban mutane. Ke kin ɗauki ƙafa kina bin gidaje a kanta. Kin ba ni kunya."

Amma ban fasa ba. Salo na sake. Sai in shiga gida da sunan aron rariya, ko barka, ko sannu da jiki. Ina zaune ina kallon wanda ke rarrafe, wanda haƙori biyu suka fito masa. In ce, "Ashe wannan ne na bayan Babbar Sallah, ya yi wayo." In uwar ta ce shi ne, sai in lalubi ƙwayar gyaɗa ɗaya in ƙulle a gefen mayafina, ba wanda ya ji lissafi a bakina. Daga baya in ja uwar gefe, wajen murhu ko bakin rijiya, in yi ta lallashi. Wata ta ce sai ta tambayi maigida. Wata ta ce in dai ba ɗigo ba ne ta yarda. Wata ta amsa yau, gobe ta aiko a ce in cire ta, sai in kwance mayafi in cinye gyaɗarta don haushi.

Mako biyu na yi a haka kafin na samu tara, har da tawa. Ta goma wata Bafulatana ce mai kawo mana nono, ɗanta kullum yana bayanta. Na ce mata tafiyar safe ce kawai, kafin rana ta take mun dawo ta shiga tallanta.

Ranar Talatar ni na goya 'yata da kaina, mai magana ya yi. Muka jeru mu goma a 'yar hanyar da ta ratsa gonaki, an gama girbi tuni, sai karan da aka jingine a jikin bishiyoyi. Zafi ya fara, tun hantsi gumi yake tsatsafo mana. Ina gaba ina jin kaina kamar wadda ta ci zaɓe. Har na shirya abin da zan faɗa mata: ga su nan, Malama, sai wace ƙaryar kuma?

A waje muka same ta zaune. Ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, na ga fuskarta ta sauya. Ta tashi ta shiga ɗaki, muka bi ta. Ƙofar firjin a buɗe take, cikinsa a bushe ƙayau.

"Kananzir ya ƙare tun ranar Alhamis," in ji ta. "Na aika ofis sau biyu, ba a kawo ba. Na sa nawa na gida, bai kai ko'ina ba."

Ta ɗauko 'yar kwalba ta nuna mana wani tabo a kan murfin. Ta ce in allurar tana da rai tsakiyar tabon fari ne, in zafi ya kashe ta sai ya yi duhu. Wannan ya yi duhu.

Wata daga cikinmu ta ce, "Haba Malama, ki yi mana haka nan mana. Mun sha tafiya."

"Zan iya," in ji ta. "In tsira musu, in rubuta a kati, ku yi mini godiya ku tafi. Amma ruwa na tsira musu."

Ni kuwa idona ya rufe. Mako biyu ina shan zagi a gidajen mutane! Na ce, "A nan ruwa ce, in ta je kemis kuma ta zama magani ko? Kina tsammanin ba mu san inda kike kai su ba? Da kika ce in kawo goma kin ɗauka ba zan iya ba ne. Yanzu na kawo, kin ɓullo da tabo. Ki ji tsoron Allah, baiwar Allah!"

Ta cire tabaranta ta goge da gefen hijabi. Na zaci za ta rama, da ta rama ma da na fi jin daɗi. Sai ta ce, "Akwai randa a waje, ki sha ruwa, ki ba yarinyar nono. In an kawo mai kyau zan aika."

A hanyar dawowa ni aka sa a tsakiya. Wadda ta bar daka, wadda ta yi wa mijinta ƙarya, kowa da abin da take sauke mini. Bafulatanar kuwa nononta ya tsinke a rana, ranar ba ta sayar da ko ludayi ba. Na shiga ɗaki na yi kuka, kukan baƙin ciki da kunya.

Ranar kasuwar Tsanyawa na matsa wa maigidana sai da ya kai mu kemis ɗin bakin tasha. Kazata aka sayar. Mai kemis ɗin ɗan fara'a ne, tun daga ƙofa yake ce mini Hajiya, ya karɓi yarinyar yana yi mata wasa har ta yi dariya.

"Ta ƙyanda? Akwai mana. Ai mu ba ma wahalar da mutane."

Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko kwalba irin waccan sak. Babu firji a shagon, babu ƙanƙara, kwanon rufin sai huci yake. Maigidana ya ce, "Malam, ba a sanyi ake ajiye ta ba?"

"Wannan 'yar waje ce, ranka ya daɗe, ba ruwanta da zafi."

Na kai idona kan murfin don in ga tabon nan. Babban yatsansa yana kai. Ya juya mana baya ya haɗa, ya juyo da sirinji a cike. Na gani sarai, ba zan ce ban gani ba. Amma abin da ya cika mini rai a lokacin daɗi ne: ga shaida, kwalbar asibiti a aljihun tebur ɗin ɗan kasuwa, ashe ban zalunci matar nan ba. Ya tsira wa yarinyar a dantse, ta callara ƙara, na rungume ta ina cewa alhamdu lillahi. Na dawo gida ina gaya wa duk wadda ta tambaya cewa an yi wa tawa, ban faɗi a ina ba.

Bayan mako uku mai shela ya zaga, wai an kawo allura a cikin kula mai ƙanƙara, a kai yara ranar Talata. Bafulatanar ta zo da nononta ta ce ta biya ta asibitin, Malamar ta ba ta saƙo.

"Ta ce ina mai tara mutanen nan, a ce mata ta kawo 'yarta. Ta ce wannan karon ko ku nawa ne za ta buɗe."

Na ce, "Ki ce mata an yi mata, da kuɗina. In tana son ƙarin bayani ta tambayi abokin cinikinta."

Inna tana gefe tana tsinke zogale. Ita da ba ta yarda da komai na asibiti ba, ita ce ta ɗago ta ce, "Ke, ki kai ta mana. Ba wannan ce kika tayar mana da hankali a kanta ba?"

Na ce ba zan sake taka ƙafata in je in tsaya a gaban matar nan ba. Shida daga cikin goman nan suka je aka yi wa nasu. Ina tsakar gida na ji wucewarsu ta bayan katangarmu.

Baƙon dauro ya shigo da bazara kamar yadda ya saba. Ya fara daga unguwar masaƙa, ya gangaro layinmu. Da yarinyar ta fara zazzaɓi da tari na ce mura ce. Idanunta suka yi jawur, na ce zafi ne. Ƙuraje suka feso a bayan kunne, Inna ta duba ta ce, "Baƙon ne." Na ce ba zai yiwu ba, an yi mata allura. Kwana uku ina wannan gardamar, har sai da idanun suka manne da ruwa, ta daina kama nono.

Da gudu-gudu na kai ta asibitin da na rantse ba zan koma ba. Malamar ta karɓe ta ba tare da ta dube ni ba. Ta wanke idanun a hankali, ta sa magani, ta fasa wani ɗan jan ƙwanso ta matse mata a baki. Sai da ta gama ta ce, "A ina aka yi mata?"

Na faɗa.

"Kin ga murfin?"

Na sunkuyar da kai. Ta rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a Kano, ta raka mu har bakin titi, ta tsaya a rana sai da muka samu bas.

Yarinyar ta rayu. Amma da idanun suka buɗe, hakiya ta rufe na hagu fari fat, kuma ba ta sake gani da shi ba. A cikin shidan da suka je, babu wanda ya kwanta. Na bincika, a fakaice, gida gida.

Har yau ban san daga ina kwalbar nan ta fito ba. Wani lokaci in ce cikin matattun nan ne, kuma daga ɗakin Malamar suka fita. Wani lokaci in ce waɗanda suka zo daga ofis suka kwashe su ne suka karkatar. Wani lokaci in ce ruwan randa ne kawai mai kemis ya ɗura a tsohuwar kwalba. Ban taɓa tambayar Malamar ba, aka yi mata canjin wurin aiki ba mu sake haɗuwa ba. Ko yanzu da nake rubutun nan, akwai wani lungu a zuciyata da yake so a ce da hannunta a ciki, don in samu wanda zan raba nauyin da shi.

Abin da ya fi muni shi ne abin da na bari aka yi ta faɗa. Mutane sun san na tara mata an tafi asibiti, sun kuma ji na ce an yi wa tawa. Sai suka haɗa da kansu: allurar asibiti aka yi mata, ga abin da ta jawo. Maigidana ya so ya gyara maganar, na roƙe shi ya rufa mini asiri, ya rufa har ya koma ga Allah. Da kunnena na ji wata tana hana kishiyar 'yarta, ko ƙanwarta ce, na manta, kai yaro allura, tana cewa, "Ba ki ga idon 'yar malamin makaranta ba?" Ina tsaye a bakin rijiya da guga a hannu, ban ce komai ba. Yarinyar ma da wannan labarin ta tashi.

Bara ta zo mini kwana biyu da ɗanta, ya cika wata tara. Da safe ina dama koko na ce mata ranar Talata ce, ta shirya mu kai shi. Ta juyo da fuskarta gaba ɗaya, yadda take yi in an yi mata magana ta hagu.

"Umma, ke ce za ki ce haka? Ni da aka yi wa, me ta tsinana mini? Babansa ma ya yi magana na ce a'a."

Na ajiye ludayin. Na zauna a kan turmi na gaya mata duka, tun daga kemis ɗin, da yatsan da ya rufe murfi, da saƙon da aka aiko mini, da amsar da na mayar. Ban rage komai ba.

Da na gama ta ce, "Tun ina firamare nake Allah ya isa ga malamar asibitin nan, Umma. Duk ranar da yara suka tsokane ni."

Ta tashi ta shiga ɗaki ta sa hijabi, ta ɗauko katin yaron daga ƙasan jakarta. Na yafa mayafina, na miƙa hannu in karɓi yaron.

Ta ce, "Bar shi, Umma. Ni zan kai shi."

Ta saɓa shi a baya ta ɗaure zani, ta fita. Na bi ta har zaure, ba ta waiwayo ba.